Idon Duniya a Tashar Jirgin Ƙasa

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah ya albarkaci unguwarmu da su, wajibi ne a fara da Idon Duniya, a huta, a sha ruwa, sannan a ci gaba da sauran. Ba mu muka raɗa masa wannan suna ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya kai wa tela ya rubuta masa shi da jan zare a bayan falmaran, don kada wani ya biyo bayansa cikin jahilci. A ofishin ruwa yake aiki, sashen karɓar ƙorafi, inda ya yi suna wajen cewa a dawo gobe. Amma wannan neman abin sawa a baki ne kawai. Aikinsa na gaskiya, wanda ya ce tarihi ba zai manta da shi ba, shi ne ɗaukar hoton ababen hawa.

Tun ranar da ya sayi wata kyamara 'yar gwanjo mai dogon hanci, tafiyarsa ta canza. Ya daina ba mutane hannu, wai yatsansa na dama amana ne. Falmaran ɗin nan kuwa aljihu ne ko'ina, gaba da baya, sama da ƙasa, ko da yake abin da ke cikin yawancinsu bai wuce tsumman goge gilashi ba. In ka gaishe shi sai ya runtse ido ɗaya, ya haɗa yatsu ya leƙo ka ta tsakaninsu, ya girgiza kai cikin tausayi. Ko bai faɗa ba ka san ba ka ci jarrabawa ba.

"Ku kallo kuke yi, ni gani nake yi," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Kai in ka ga bas, bas ka gani. Ni in na ga bas, zamani nake gani yana tafiya a kan taya."

Babban iliminsa, wanda ya ce shi ya gano shi ba tare da malami ba, shi ne cewa mutum datti ne a cikin hoto. Mota ba ta ƙifta ido. Tirela ba ta cewa a sake don bakinta ya karkace. Kwale-kwale bai taɓa tambayar a nuna masa yadda ya fito ba. Saboda haka duk inda Idon Duniya ya kafa sandunan kyamararsa, aikinsa na farko shi ne korar jama'a.

A tashar mota an san shi kamar yadda aka san ramin da ke bakin ƙofar shiga. Da sassafe zai tsaya a daidai inda kowa ke bi, yana kaɗa hannu yana ihu. "Baiwar Allah, matsa da ƙullin nan! Malam, ka shigo mini cikin tarihi!" Ya taɓa tsayar da direban da ya riga ya cika mota, ya nemi ya sauke fasinjoji ya ja baya kaɗan, wai rana ta gusa. Amsar da kwandasta ya ba shi ba ta rubutuwa. Shi dai ya dawo gida ya ce hassada ce, kuma duk wani babban mai fasaha ya sha irinta. Wata rana kuma ya kwanta rub da ciki a gefen titi don ya ɗauki tayar tankar mai daga ƙasa. Jama'a suka taru suna salati, wata mai tausayi ta sheƙa masa ruwa a ka.

Falon gidansa kuwa ya zama gidan tarihi. Bas ta gaba, bas ta baya, gada da safe, gadar dai da yamma, fitilar kan hanya tana ja, fitilar dai tana kore. Hoton aurensu ya sauka daga bango don a sama wa wata motar kwashe shara wuri. Da matarsa ta roƙe shi ya ɗauki jaririyarsu, sai ya ce yarinyar ba ta da natsuwa, a bari ta girma. Ta girma har ta shiga makaranta, ba ta samu natsuwar ba. Ya buɗe zauren masu ɗaukar hoto a waya, ya naɗa kansa shugaba. Mambobin su ne matarsa, da ƙanwarsa, da wani surukinsa wanda har yau bai gano yadda ake fita daga zaure ba.

Duk wannan abin dariya ne, kuma mun yi dariyarmu. Sai batun Inna ya taso.

Inna ita ce mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta zuwa ko bakin titi sai da sanda. 'Yan ɗakinsu duk sun rasu, saura ita da ƙanwarta, wadda har yau Auta take ce mata, ko da yake Autar ma ta yi furfura. Aure ya kai Auta nesa tun da daɗewa, tsufa ya ɗaure kowacce a inda take, sai dai murya a waya. To sai aka bugo cewa Auta ba lafiya, ɗanta zai kai ta wani babban asibiti, kuma jirgin ƙasan da za su hau zai bi ta tasharmu. Ba ya daɗewa a nan. Masu sauka su sauka, masu hawa su hau, ya wuce.

Inna ta ce sai an kai ta tasha ko da a goye ne. Abu ɗaya ta roƙa. Ba ta da hoton da suke tare da Auta, ko ɗaya, kuma a shekarunsu ba ta yaudarar kanta cewa za a sake haɗuwa.

"A ɗauke mu tare, in riƙa dubawa," in ji ta. "Shi ke nan abin da nake so."

Idon Duniya ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, ya gyara falmaran. "Inna, kin yi sa'ar haihuwa. Wasu sai sun yi hayar mai hoto, ke kuwa a cikinki kika ɗauko shi. Amma da sharaɗi. Kada in ga wani ya ɗaga waya a wurin nan. Waya ba kyamara ba ce, abin kiran mai gyaran famfo ce. Ba zan tsaya ina aikin ƙwarai wasu suna yi mini ƙyal-ƙyal a gefe ba."

Ƙanwarsa, malamar asibiti ce mai kaifin baki, ta ce ita fa za ta ɗauka da tata, don ta san halin Yaya. Inna ce ta hana ta. Ta ce a bar masa, fanninsa ne, kada a kunyata shi a gaban mutane. A bakin tasha ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓe wayoyin, ya zuba a aljihunan falmaran ya ja zif. A ranar ne aljihunan suka fara yin aikin da aka ɗinka su dominsa.

An zaunar da Inna a kan benci, ta yi kwalliya da shuɗin mayafinta na fita unguwa, tana ta leƙen layin dogo. Shi kuwa yana auna haske da tafin hannu, yana yi wa masu jira bayanin inuwa. Can sai jirgi ya yi kuka. Da kan jirgin ya ɓullo daga kwana, Idon Duniya ya daskare. Tsohon kai ne, irin wanda ya daɗe yana gani a hotunan wasu yana cizon yatsa, fentinsa ya koɗe, lambarsa ta tagulla tana ƙyalli.

"Allahu Akbar," ya ce. "Yau tarihi ya zo da ƙafarsa."

Ya saɓi sandunan kyamara ya ruga can gaba inda kan jirgin zai tsaya, wayoyin gidan gaba ɗaya suna karo da juna a ƙirjinsa. Ƙanwarsa ta ƙwala masa kira. Ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, alamar yana zuwa.

Taragon Auta yana can baya. Ɗanta ya riƙo ta ta sauko a hankali, ta rame har Inna ba ta gane ta ba sai da ta ce, "Yaya." Inna ta tashi ba tare da an ɗaga ta ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Suka rungume juna a nan bakin matakala, suna kuka suna dariya, kowacce tana cewa ɗayar ta tsufa. Ƙanwar Idon Duniya tana riƙe da Inna da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana ɗaga wa yayanta, har muryarta ta dushe. Ɗan Auta ya laluba aljihu, ya tuna tasa wayar tana cikin jaka a kan kujera, kuma ba shi da halin sakin uwarsa. Wallahi duk wanda ya ga tsofaffin nan biyu a ranar sai zuciyarsa ta karye.

A can gaba kuwa gwani yana fama. Ya durƙusa, ya miƙe, ya hau kan wani akwati, ya kori mai sayar da jarida, ya roƙi direban jirgi ya mayar da kansa ciki. Aka busa usur. Aka mayar da Auta cikin tarago, ta manna tafin hannu a gilashin taga. Jirgi ya ja. Sai ga Idon Duniya ya dawo yana haki, fuskarsa tana walƙiya kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ina Inna Ƙarama? A'a, har sun tafi? To ai laifin jirgin ne, bai san darajar aiki ba. Amma ku kwantar da hankalinku. Na ɗauki jirgin gaba ɗaya, daga kai har wutsiya. Duk wanda ke tashar nan yana ciki."

Wannan magana ita Inna ta riƙe ta koma gida da ita. Kullum sai ta tambaya ko hoton ya fito, shi kuma ya ce aikin ƙwarai ba ya son gaggawa. Ya shige ɗaki da kwamfuta, ya hana yara ko tari a bakin ƙofa. Ranar da ya gama, ya tara gidan a falo, ya sa aka ja labule, ya yi gyaran murya, ya buɗe.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Ga kan jirgi a gaba kamar zai fito ya taka mutum, ga taragu sun jeru har ƙarshen gani, ga dandamalin tasha fes, ko tsinke babu. Inna ta matso da kujera, ta goge ido da bakin mayafi, ta bi taragun ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Yaya, ina mutanen?" in ji ƙanwarsa.

"Yawwa, kin yi tambayar masu ilimi. Na goge su. Da kin ga yadda ya fito da farko, kasuwa ce kawai. Ɗaya bayan ɗaya na bi su na cire. Waɗanda suka fi ba ni wahala wasu mata ne can baya, sun cukuikuye juna sun tare mini matakalar tarago. Ɗaya ma har da sanda. Sandar nan kaɗai ta ci mini rabin yini."

Matarsa ta dubi sandar da ke jingine da gwiwar Inna, ta sunkuyar da kai.

"Na farkon fa?" in ji ƙanwar. "Wanda ba ka taɓa ba, yana ina?"

"Ni ba na ajiye ɗanyen aiki. In na mutu aka same shi, a ce haka nake ɗauka?"

Sai a lokacin idonsa ya sauka a kan sandar. Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Ya ce ai da sun gaya masa a inda za su tsaya, kuma a ƙa'idar aiki ba a rungumar juna a gaban matakala. Ƙanwarsa ta tashi za ta faɗi abin da kwandasta ya manta bai faɗa ba, Inna ta riƙe mata hannu.

"A wanke mini shi," in ji Inna. "Babba."

Idon Duniya ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Ya wanke shi, ya sa masa gilashi da katako mai ruwan zinariya, ya rubuta sunansa a kusurwa, ya kafa ƙusa da hannunsa a ɗakin Inna. Ya sanar a zaure cewa an fara neman aikinsa daga waje.

Auta ba ta fito daga asibitin nan ba. Da labari ya iso, ɗakin Inna ya cika da masu gaisuwa, wasu na fita wasu na shiga, kuma duk wanda ya zauna sai idonsa ya kai kan jirgin da ke bango. Idon Duniya bai taɓa samun masu kallo da yawa haka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rage murya yadda ta dace da makoki, yana jiran wanda zai fara tambaya.

Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta tambaya, amma ba shi ba. Ta ce, "Inna, ba ki da hoton marigayiya mu gani?"

Inna ta ɗaga sanda ta ɗora bakinta a kan gilashin, can baya, daidai matakalar da babu kowa.

"Ga mu nan, ni da ita," in ji ta. "Nan inda ya fi ko'ina tsabta. Ɗana ne ya goge mu. Ga shi can a tsaye, ku tambaye shi, ya iya bayani."