Jatau da Igiyar Kyalla

Akwai wani mutum wai shi Jatau, irin wanda in ka ce masa tsaya nan, to nan za ka dawo ka same shi ko da ruwa ake tafkawa. Ambaliya ta cinye musu gona, ya ɗauko tsohuwarsa Delu suka kama ɗaki a birni. Ba su tsira da komai ba sai akuyarsu Kyalla. Haƙoran Delu sun zube, kunu da nonon akuyar nan shi ke riƙe da ita. Birni kuwa da dokarsa: dabbar da aka kama tana yawo, an tafi da ita ke nan.

Wata rana mai unguwa ya ga Kyalla a bakin hanya, ya ce, "Jatau, kada ƙafar akuyar nan ta ƙara taɓa titi."

"To, ranka ya daɗe."

Washegari ya saɓa ta a wuya ya shiga kasuwa. Daga can sama sai ga farantan alayyafo a kan masu talla, daidai bakinta. Kyalla ba ta yi wata-wata ba. Mata suka yi masa caa, aka kira duba-gari, wani dogo mai suna Malam Sabitu da ba a taɓa ganin dariyarsa ba. Ya ce, "Je ka ɗaure ta a jikin abin da ba ya motsi."

Wata rana Jatau ya ga motar yashi a ƙofar gida. Ya tura ta da ƙarfinsa, ba ta motsa ba, sai ya ɗaure Kyalla a bayanta. Yana cikin alwala ya ji an tayar da mota. Ya fito a guje da buta a hannu yana ihu, Kyalla na jan ƙasa tana kuka. Allah ya sa akwai rami a gaba, direba ya taka birki. Gwiwoyinta duk sun saɓule. Malam Sabitu ya nuna shi da yatsa ya ce, "Na gaji da kai. Na sake ganinta a waje, motar kamu ce za ta ɗauke ta."

Tun daga nan Kyalla ta ƙi dusa, nono ya ƙafe, Delu ta soma ramewa. Abin tausayi, wallahi.

Wata rana tsohuwar ta ce, "Kai Kyalla bayan makaranta ta ɗan ci ɗanyar ciyawa. Amma ko me za a yi, kada ka saki igiyar nan sai na ce."

Ya kai ta. Akuyar ba ta gama cika baki da ciyawa ba motar kamu ta tsaya. Malam Sabitu ya sauko da ƙartinsa. Ƙarti suka cilla Kyalla ciki, sai ga Jatau ya biyo ta da igiya a hannu, har da takalminsa.

"Saki!" in ji Malam Sabitu.

"Iya ba ta ce ba."

Suka doki hannun, suka murɗe yatsun, igiya ta ci fata, bai saki ba. Da suka gaji suka rufe mota da su duka.

A garken hukuma shugaban wurin ya leƙo, ya ga mutum tsugune tsakanin raguna. "Wa ya ce ku kamo mini ɗan Adam?"

"Yallaɓai, shi ya ƙi saki," in ji Malam Sabitu.

"Tun yaushe yake riƙe da ita?"

"Tun kafin mu same su."

"To dabbar da aka saki doka ta ce a kamo. Wannan an sake ta? Ku buɗe musu ƙofa."

Da la'asar suka shigo gida. Delu na zaune bakin ɗaki, labari ya riga su isowa, ta cire rai. Jatau ya tsaya gabanta, jini ya bushe a tafinsa.

"Iya, in saki?"

Ta buɗe baki, kuka ya hana ta magana. Shi kuwa ya ci gaba da riƙewa.