Ranar da Kande Ta Ɗora wa Kwaɗo Ruwan Zafi

"Lahiya lau. Ina hanya, ina gajiya? To tsaya nan bakin ƙohwa, kada ka shigo min da taɓon Maraɗi cikin gida."

"Ke da ko waigowa ba ki yi ba, tsohuwa, ƙaƙa kinka san ni na?"

"Wa ka sallama da muryar jaki duk Sabon Birni in ba kai ba?"

Kakarmu Kande ke nan da yayana Labbo, wanda ke kai wake Nijar ya dawo da abin da ya samu. Tana tsugune gaban murhu tana iza wuta. A cikin tukunya ruwa ne, ta riga ta watsa masa gishiri cikin tafi. Gefenta ga tsumma, ga ɗan kasko na man shanu.

Duk wannan shiri na kwaɗo ne. Ɗan kore ne, bai fi babban yatsa ba, irin masu manne wa ganye da tafin ƙafa. Shekarar da kwana a ƙauyenmu Gangara ya gagara saboda ɓarayin daji muka dawo gari, Kande ta ce ba ta tashi sai da dashen lemun da marigayi kakanmu ya bari cikin tsohon bokiti. Sai da aka sauke kaya aka ga kwaɗon lafe a bayan ganye. Ta sa masa suna Ɗan'auta. Da rana yana gindin randarta, da yamma ya hau lemu. Jiya kazar maƙwabta ta sare shi a ƙafar baya, fata ta yage, yana jan ƙafar.

Kande ba ta san ciwon da ya fi ƙarfin gashi da ruwan zafi ba. Targaɗe, kumburi, jego, duk unguwa ita ake kira, kuma ana warkewa. Da safe na kira ƙawata Khairat, wadda ta karanci likitancin dabbobi, ta ce ko kusa kada a bari a gasa shi. Na gaya wa Kande a hankali. Ta ce da ta fara gashi uwata ma ba ta yi haƙori ba. Iyayenmu ba mai iya musa mata. Ni, Ni'ima, jika ce, ina da izinin wasa, amma bakina bai taɓa iya shi ba. Shi ya sa na kira Labbo yana kan hanya, na faɗa masa duk abin da Khairat ta ce.

"Ina man zahin da nic ce ka sawo?" in ji Kande.

"An tsare shi ga iyaka. Sun ce ba shi da takarda."

"Ƙarya hure take ba ta 'ya'ya. Kai dai ka ce ka ci tsire da kuɗɗina."

"Ga abin da nis sawo." Ya zaro farin ƙyalle sabo daga aljihu ya warware.

Kande ta dubi ƙyallen, ta dube shi. "La'ilaha illallahu! Likkahwani kas sawo mai? Da rai nai? Ni dai na san ka daɗe kana baƙin ciki da shi."

"Ba dole ba? Ni ad da aure, shi ad da gindin randa. In na shigo, ko hura sai na roƙa. Shi ko, ƙuda kika kamo mai da hannunki."

"Shi ba ya zuwa Maraɗi ya dawo min hannu rabbana. Kuma ya hi ka kyawon ido."

"Ga ƙahwa ma ya hi ki. Ko yanzu da guda ukku sai ya riga ki masallaci."

"Ja'iri. Matsa min, ruwana ya kusa."

Labbo ya leƙa tukunya, ya shaƙi tururi, ya gyaɗa kai kamar mai ɗanɗana miya.

"Gishiri ya ji. Saura daddawa da tattasai. Ni'ima, kawo albasa, yau tsohuwa za ta yi muna romon kishiya."

"Gashi za ni yi mai, ɗan nema! Kai kanka da wanga hannu anka gasa ka, ranar da kah hwaɗo daga jakin Na'Allah kana kuka kamar an yanka akuya."

"Shi ya sa har yau ƙahwar nan ba ta yarda da ke ba. In ta ji muryarki sai ta kama rawa."

"Tsohuwar zuma da ita aka magani."

"Awo, amma ba a shahwa ta ga ido. Garin gyaran gira za ki rasa mijin naki baki ɗai."

Kande ta sauke tukunya. Ta tsoma tsumma, ta matse shi da yatsun da wuta ta daɗe da daina ci. Tururi na tashi daga hannunta. Ɗan'auta yana gindin randa, taku uku daga wurinta, maƙogwaronsa na bugawa. Labbo ya je ya tsuguna a tsakaninsu, ya ba ta baya.

"Tashi min daga hanya."

"Ba ni tashi. Gasa ni, ni am mijin hwari."

"Labbo, ba ni son wasa."

"Yau kuma? Shekara nawa kina cewa na yi kama da buhun gawayi, yau ta ba ki son wasa? To amsa min tambaya guda in tashi. Shekara biyu kina zaune kina kallon wanga bawan Allah kamar talabijin. Kin taɓa ganin ya kahwa baki ya sha ruwa?"

"Shina da kunya. Ba irinka na ba, mai sha kamar raƙumi gaban surukai."

"Kin taɓa gani?"

Kande ta dubi gindin randa. "Zama shikai cikin damshi. In ya tashi sai ka gane shi ya yi ɓul-ɓul."

"To da mi yash sha?"

"Kai ka tambaye shi, tunda ajinku guda."

"Da jiki nai shika sha, tsohuwa. Duk abin da kinka shahwa mai ga hwata, kamar kin ɗura mai ga baki na. Man zahi, man shanu, sabulun hannunki, duka ciki za su."

"Wa yag gaya maka? Kai da ko allo ba ka wanke ba?"

"Ni'ima."

Ta juyo ta dube ni. Na dubi ƙasa.

"Wagga? Wadda in ta yi magana sai an kai kunne kamar mai sauraren ƙwai? Boko ta gaya mata kwaɗi ba su son gashi?"

"Bar boko," in ji Labbo. "Mu koma Gangara. In damana ta sauka, manyan kwaɗin nan sunka cika miki ɗaki, da mi kika korarsu?"

"Da tsintsiya."

"In sun ƙi hita hwa? Ni dai na tuna wata tsohuwa mai rowa, wadda ba ta ba jika gishirin ɗanɗano, amma sai ta ɗebo cikin tahi ta..."

Bai ƙarasa ba. Kande ta dubi tukunya, ta dubi tsumman da ke hannunta, ta dubi tafin da ta ɗebo gishirin da shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda kwaɗo ke yi in aka watsa masa gishiri a baya: birgima yake yi har ya mutu.

Tsumman ya huce a hannunta. Can ta ce, ba da muryar wasa ba, "Kajin an saida. Awakin an kora. Shi ɗai yab biyo ni ba a kira shi ba."

Labbo ya sosa ƙeya. "To kin gani. Ni ma da kin bar ni can da ban biyo ki ba."

"Da na huta." Ta jefar da tsumman. "To likitan kwaɗi, mi za a yi mai? Ko addu'a za ka tohwa mai da wanga baki naka?"

"Ruwan sama, mai sanyi, wanda bai ga sabulu ba. A jiƙa ƙyallen ga a shimhiɗa mai cikin wani abu mai murhi, a kai shi inuwa. Hwari na don a ga abin da ciwon ka hitarwa. Kullum a sake. Wanda za ya taɓa shi ya wanke hannu da ruwa zalla, ya bar shi da lema. In ja ya bazu har ciki, ko ya ƙi cin abinci, Ni'ima ta kira ƙawarta. Sai babban sharaɗi."

"Wane?"

"A bar mai surutu. Nan ne nika jin tsoro ba ya tashi."

"Allah ya shirye ka."

Labbo ya jawo wata tsohuwar robar wanki. Kande ta buge masa hannu.

"Cikin robar omo za ka kwantar min da shi? Kai ka kwana ciki."

Ta shiga ɗaki. Muka ji tana sauke kaya. Ta fito da ƙwaryar nan mai zane, ta aurenta, wadda ta naɗe cikin zane tun daga Gangara, ba ta taɓa bari ko mu taɓa ba. Ta ɗauraye ta da ruwan saman da ta tara a baho. Ta jiƙa farin ƙyallen ta shimfiɗa, ta tsinko ganyen lemu biyu ta ɗora. Sannan ta wanke hannu har sau ban san adadi ba, ta miƙo min su.

"Ke mai boko, shinshina. Da sauran gishiri?"

Na ce babu.

Ta sa tafi a gindin randa ta jira. Ɗan'auta ya jawo ƙafarsa ya hau da kansa. Ta sauke shi cikin ƙwarya, ya lafe a kan damshin, ya lumshe ido. Ta rufe da faifai, ta bar 'yar kafa, ta tura ƙwaryar bayan randa inda kaza ba ta kai.

"Ƙwaryar da nir roƙa in sha hura ranar salla kinka hana ni," in ji Labbo.

"Kai ba ka yi jinya ba."

"To wanga ruwa hwa? An yi asarar gishiri ke nan?"

"Wa yac ce na kwaɗo na? Tun hwarko kai nid ɗora ma. Zauna. Miƙo ƙahwar ga mai kaushi kamar bayan kada."

"Tsohuwa, lahiyata lau!"

"Kai kac ce in gasa ka. Ni'ima shaida ta."

Na ce na ji.

Ta damƙe ƙafar, ta tsoma tsumma, ta danna. Labbo ya kurma ihun da ya sa kazar maƙwabta ta tsallake katanga. Kande ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta tura masa kaskon man shanun da gefen ƙafa.

"Ungo, ka zuba ga ɗumame. Maganin kishiyarka na, ya bar maka." Ta sake danna tsumman, ta nuna bayan randa da haɓa. "Ka ji shi? Kaza ta sare shi, ko uhum bai ce ba. Shi ya sa nih hi son shi."