Na'urar Da Ta Yi Wa Bututu Laɓe

A wani gari da ake kira Ba-Komai, masifa na tafe, kuma ba a ɓoye take tafe ba, da izinin majalisa take tafe.

Bututu biyu ne suka ratsa garin, kafaɗa da kafaɗa. Shuɗin na ruwa ne, rawayan na gas. Sukan bi ta Unguwar Manya, su wuce ta gindin katangar makarantar firamare inda 'ya'yan Malam Nomau baduku mata biyu suke karatu. Famfunan gari sun daɗe da bushewa, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu, amma kowace Juma'a Sarkin Famfo yakan sanar cewa ruwa na gudu lafiya lau.

Ana nan sai wata injiniya, Tasallah, ta zo da na'ura: wasu 'yan abubuwa biyu kamar sabulu. Ta shafa musu man giris, ta ɗaure su a bayan bututun ruwa. Ɗaya na aika sautin da kunne ba ya ji, ya ratsa ƙarfe, ɗayan ya karɓa ya mayar. Sautin da ya bi ruwa yakan riga wanda ya saɓa wa ruwan isa, da haka ake sanin gudun abin da ke ciki. Ba yanka, ba huda.

Ta auna kafin Unguwar Manya, bututu cike. Ta auna bayanta, babu ko ɗigo.

Majalisa ta zauna da gaggawa.

"Injiniya," in ji Shugaban Majalisa, "wannan abar taki ta shiga cikin bututun?"

"A'a, ranka ya daɗe. Daga waje take ji."

"Ta yi sallama?"

"Na'ura ce, ranka ya daɗe."

"Kun ji ko? Daga bayan bango, ba sallama. Mu a Ba-Komai sunan wannan laɓe, kuma tun kaka da kakanni ba ma karɓar shaidar mai laɓe."

Aka kori na'ura daga gari saboda gulma, aka haɗa da uwarɗakinta. Sannan Ma'aikatar Kwantar da Hankali ta lura cewa mutane sun fara nuna shuɗin bututu da yatsa, wanda hakan wariya ce. Ta sa aka shafe duka biyun da farin fenti, aka kankare duk rubutun da ke jikinsu.

Mutane ba su daina ƙorafi ba, sai Shugaba ya ce gani ya kori ji. Za a yanka bututun ruwa da wutar walda a gaban kowa, a gindin katangar makaranta, domin nan ne fili. 'Yan makaranta kuma za su jeru a gaba su yi waƙar maraba.

Malam Nomau ya jefar da takalmin da yake ɗinki ya nufi majalisa.

"Ranka ya daɗe, wanne za a yanka?"

"Na ruwa mana, Malam."

"Wanne ne na ruwan?"

Sarkin Famfo ya ce bai taɓa zuwa wajen ba, a mota yake wucewa.

"To a dawo da na'urar nan ta faɗa mana. Ko sau ɗaya."

"Mu roƙi magulmaciya? Haba Malam, ina mutuncin gari?"

Aka kaɗa ƙuri'a, na hagu ya yi rinjaye. Cindo mai walda ya tambaya ko hagun mai kallon gabas ne ko na mai kallon yamma. Aka ce masa kada ya kawo siyasa cikin aiki.

"To 'ya'yana ba za su je ba," in ji Malam Nomau.

Hedimasta ya ce duk yaron da bai zo ba ya kori kansa. Ya kuma yi wa Malam Nomau albishir cewa ƙaramar 'yarsa, da yake ta fi kowa murya, ita za ta tsaya kusa da mai walda.

Manyan gari sun nuna tawali'u. Sun ce ba za su tare wa talakawa gani ba, daga kan dutsen bayan gari za su kalla, su da iyalansu.

Gobe ne bikin. Uwar yaran ta goge musu kayan makaranta, ƙaramar tana ta bitar waƙarta a tsakar gida, Malam Nomau kuma na zaune a ƙofa ya kasa zura zare a allura. Cindo ya ce zai fuskanci duk inda rana ba ta dukan idonsa. Ba wanda ya san da safe za a fara ko da yamma.