Rasuwar Ɗan Hagu, Nonon Geron Inna Mairama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ni Haladu na Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, tsohon mai gyaran rediyo, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, daga Birnin Kudu har Gwaram, rasuwar Ɗan Hagu. An kashe shi ranar Laraba bayan azahar a tsakar gidana, yana da shekara biyu da wata biyar a duniya.

Wanda bai san marigayin ba, ba laifinsa ba ne, don a ɓoye ya yi rayuwarsa. Shekara uku ke nan da likitoci a Kano suka cire wa maiɗakina, Inna Mairama, nonon hagu saboda ciwon daji. Sun yanka daga hammata har tsakiyar ƙirji, suka ɗinke. Wajen ya warke, amma wata bakwai ba ta leƙa ƙofar gida ba, ko gaisuwar mutuwa. Ta ce mayafi yana zubewa gefe ɗaya, mata za su gane. Likita ya nuna mana wata roba mai ruwa-ruwa da ake dasawa a ƙarƙashin fata, har ya ba ni na taɓa, na ji ta kamar ƙwan da kaza ta saka ba ɓawo. Na tambaye shi ko tana zama inda aka ajiye ta. Ya ce wani lokaci takan goce, sai a sake buɗewa a gyara mata zama. Inna Mairama ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Malam, tashi mu tafi. Wuƙa ɗaya ta ishe ni."

Sai na koma gida na ɗauki allura don in ɗinka mata madadin nonon. Yayyen marigayin su biyu ba su yi rai ba. Na farko auduga na cusa masa, ba nauyi, kafin ta kai bakin rijiya ya hau har ƙarƙashin haɓa. Na biyu yashi na zuba, ya gangara cibiya, ya ja riga ta goge tabon har ya yi jini. Ta jefe ni da shi, ya fasa mini leɓe. Ina zaune ina kallon kaji suna tsattsaga, tunanin gero ya faɗo mini. Gwangwanin madara ɗaya da rabi, a cikin safa, a cikin ƙyallen atamfa, da fil biyu na riƙewa. Haka aka haifi Ɗan Hagu.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙe sirri, ya san mazauninsa. Yakan ɗauki ɗumin jiki kamar ɗan tsako. In tana tafiya sai ya riƙa cewa shak, shak, a hankali, ni kaɗai nake ji. In ta yi ruku'u ya ce sharrr, in ta ɗago ya koma wurinsa. Aibinsa ɗaya: a kan babur, in hanya ta yi gargada, yakan karkata wajen hammata kamar mai son ganin abin da ke baya, sai ta turo shi da gwiwar hannu ta cikin hijabi. Da shi ta koma cin kasuwar Birnin Kudu, da shi ta taka rawa a wani biki a Unguwar Ya har 'yan mata suka yi mata guɗa.

Ciwon ajalinsa ya fara ranar Lahadi, da ruwan sama ya kama su a hanya. Ya jiƙe sharkaf. Ba ta faɗa mini ba, ta ci gaba da sa shi, ga gumi ga ɗumi. Ni da na tsufa da fartanya a hannu, ban taɓa tunanin abin da gero yake yi in ya sami ruwa da ɗumi ba. Ya kumbura har ya fi na dama, ɗinkinsa ya fara cewa tsik, tsik. Ranar Laraba da safe fararen saiwoyi suka huda atamfar. Wallahi na so a bar shi mu ga ko zai yi zangarniya. Ta harare ni, ta shanya shi a kan danga.

Bayan azahar na ji wani sauti, kamar ana yaga buhu da haƙori. Baƙin bunsurun maƙwabcina Maikano ne. Ya tsallako, ya miƙe a jikin danga, ya cafke marigayin. Ya girgiza shi, ya maka shi da ƙasa, ya danne da kofato ya ja. Cikin ya fashe, kayan ciki suka watsu har bakin murhu, kaji suka yi ca a kai. Na kama ƙafar bunsurun, ya juyo ya soke ni a cinya, na kife kan turmi, haƙorina ɗaya ya fita. Sai ga Inna Mairama da taɓarya. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Bugu na farko ya karya ƙaho, jini ya feshe bango. Na biyu ya sami kaza, ta mutu da gero a baki. Na uku ya sauka a ƙashin bayan bunsurun, ya riƙa jan ƙafafu yana ihu kamar mutum, amma bai saki safar ba sai da ya haɗiye ta.

Maikano ya faɗo gidan ba sallama, da gora a hannu, mutanen unguwa a bayansa. "Baba Haladu, a kan tsumma za ku kashe mini dabba? Wane irin tsumma ne wannan?" Ya ɗaga ragowar atamfar, fil yana reto a jiki. Ya dubi tsumman, ya dubi Inna Mairama, wadda ta fito da ɗaurin ƙirji ba mayafi. Gorar ta sauka. Kowa ya sunkuyar da kai. Ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki, ta ja ƙyaure.

Marigayin ya bar ɗan uwansa na dama shi kaɗai, da fil biyu, ɗaya a lanƙwashe, da kaji shida da suka cinye gadonsa tun kafin a raba. Ya bar sabuwar riga da aka ɗinka daidai da shi don bikin jikarmu Mansura, gobe Asabar a Gwaram. Mansura ta kira sau huɗu, ta ce ba mai kai ta ɗakin miji sai kakarta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce zan ɗinka wani kafin magariba, har zan soya geron don kada ya tsiro. Daga ciki ta ce, "Malam, da ina sa shi don kada a sani. Yanzu in sa shi don wa?"

Za a binne abin da aka tsince, cikin ludayi guda, yau Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbu. Ba za a yi masa salla ba, Liman ya ce kada in kuskura. Maza masu ta'aziyya su tsaya a zaure, kuma kowa ya ɗaure akuyarsa. Mata su shiga su yi mata sallama a bakin ƙofa, ko ba ta amsa ba.

Ina cikin haƙa ramin ɗazu, Sa'adiyya matar Maikano ta leƙo ta kan danga ta ɗaga murya.

"Inna, motar Gwaram gobe da hantsi za ta tashi. In riƙe miki wuri kusa da ni?"

Na tsaya da fartanya a sama. Ƙyauren bai motsa ba.