Fenti a Soro, Katanga a Kwari

Ba zan taɓa mantawa da daminar da kwari ya buɗe min gida ba, ko na so in manta ma ƙafar mahaifiyata ba za ta bar ni ba.

Gidanmu na gado a Rano yake, bayansa na jingine da wani kwari da ruwan unguwa ke bi. Muna yara tsallake shi muke yi. Ina girma yana girma, kowace damina sai ya gutsiri gaɓa, har ya zama in ka tsaya a cikinsa ba a hango hularka. Ɗakin Inna, mahaifiyata, shi ne a jikin katangar baya. Tsakanin gadonta da kwarin nan babu komai sai jar ƙasa.

Ni kuwa mutum ne mai son a ce. In ka zo ƙofar gidana sai ka rantse ɗan kwangila ne a ciki: soro ya sha siminti da fenti, ga ƙofar ƙarfe, ga dakali mai tayil. Ciki kuwa sai addu'a. Ɗakuna duk sun tsage, kicin da itace aka tokare shi, ƙofar banɗaki buhun taki ne. Amma kullum ina cikin shadda mai guga a shagona na kayan babur, in ana taron unguwa ni ne mai baki (wasu har Alhaji suke ce min, ban taɓa wuce Kaduna ba, ban kuma taɓa gyara musu ba).

Da ƙaramar hukuma ta kawo aikin kwarin, mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Injiniyan da ya zo da aikin ya ce za a ɗaure gaɓa da duwatsu a cikin ragar ƙarfe, a zuba lambatu na siminti, amma da yake kwarin ta filayen mutane ya ratsa, sai kowane maigida ya yarda. Kowa ya yarda. Da aka zo kaina ya ce wajena ya fi ko'ina rami, gidaje kuma sun matse, babu ta inda dutse zai isa sai ta cikin gidana. Leburori za su riƙa shiga ta soro, su ratsa tsakar gida.

Nan take na hango ƙarti suna wucewa ta gaban buhun takin nan, da yamma kuma labari ya isa teburin mai shayi.

Sai na miƙe, na gyara hula, na ce gidana gidan ba-shiga ne, ba zan sayar da mutuncin iyalina saboda siminti ba. Na yi ta zuba kamar mai wa'azi (alhali kowa a wajen ya san matata Hajara kullum a keke mai ƙafa uku take tafiya makarantar da take koyarwa). Mai unguwa ya ce matan gidana su koma gidan ƙanena kafin a gama, na ƙi. Injiniyan ya ce in ji tsoron Allah, ruwan da ya bi siminti gudu yake ƙarawa, inda ya tarar da giɓi nan zai huce. Na ce kakana ne ya gina katangar nan, ta ga ruwan da ya fi wannan.

Da na shiga gida Inna ta riga ta ji. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka bar su su shigo. In na kwanta ina jin ƙasa tana zuba a bayana." Na ce ta kwantar da hankalinta, ni da kaina zan gyara. Gyaran da na yi shi ne 'yan buhunan yashi da na jera, ruwan farko ya tafi da su.

Aka yi aiki ta sama da gidana, aka tsallake ni, aka ci gaba ta ƙasa da shi. Wajena ya zauna kamar giɓi a baki.

Wata rana a tsakiyar damina, bayan azahar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya fara tsagaitawa ke nan na shiga wanka. Ina cikin sabulu na ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza, Hajara ta ƙwalla ihu. Abin da hannuna ya kai a kan igiya zaninta ne, shi na ɗaura na fito.

Babu katangar baya. Daga tsakar gidana ina kallon jan ruwa yana gudu, ina kallon mutanen tsallake, su ma suna kallona. Rabin ɗakin Inna ya bi kwari, sauran rabin ya rufta, azara ta danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Idonta biyu, tana salati a hankali. Na kama azarar nan na ja har na ji jijiyar wuyana za ta tsinke, amma azarar ko motsi ba ta yi ba. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Leburorin aikin, mutanen garin Rurum da suka fake a masallacin unguwa, su ne suka fara isowa. Babu sallama, babu neman izini, suka banko ƙofar ƙarfen nan tawa suka shigo. Su suka ɗaga azara, su suka ɗora Inna a kan ƙyauren ɗakinta suka fita da ita. Bayansu unguwa gaba ɗaya ta biyo, har da mai shayin. Suka ga kicin mai tokara, suka ga buhun taki, suka ga Alhaji a tsaye cikin zanin atamfa, kumfa a kunne, yana kuka.

Da wani ya yi dariya da na ji sauƙi. Babu wanda ya yi. Mai unguwa ne ya cire babbar rigarsa ya miƙo min, ya kau da kai, ya ce, "Rufa jikinka, Alhaji."

Ƙugun Inna ya karye. An kai ta asibiti, an gwada ɗorin gida, amma tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Ban taɓa faɗa mata ainihin dalilin da ya sa na hana aikin ba, ina zaton na ɓoye. Ranar da aka dawo da ita, ina gyara mata matashi, ta dube ni ta ce, "To, sun shiga, sun gani. Me suka ɗauka?"

Da ƙafata na je na roƙi injiniyan. Bai goranta min ba, ya dawo da mutanensa. Duwatsun suka bi ta soro kamar yadda ya faɗa tun farko, suka farfasa tayil ɗin dakali, suka kankare fenti. Yanzu ruwa yana wucewa ta bayanmu bai taɓa kowa.

Soron yana nan a kankare, ban sake shafa masa komai ba. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, na dai saye shi da tsada: in za ka gyara gida, ka fara daga inda uwarka take kwana. Kullum da hantsi ni nake ɗauko Inna in fito da ita ta sha rana, ta jingina da sabuwar katangar.