Sanarwar Rasuwar Kwamfutar Halimatu ta Kwargaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma wadda ba ta karaya ba, Malama Halimatussa'adiya Maccido ta Kwargaba a ƙasar Wurno tana sanar da 'yan'uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutarta, ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara, saura mako uku malamar ta kare bincikenta na digirin ƙididdiga.

Marigayiyar ta ƙare rayuwarta a kan tambaya ɗaya. Shin mai cutar daji da aka haɗa wa magani biyu ya fi daɗewa a duniya a kan wanda aka ba guda? Ta riƙe bayanan mutum ɗari uku da sha biyu, ranar da kowa ya fara magani da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe. Da su take zana layuka biyu masu gangarowa kamar matakala, a ga wanne ya fi jinkirin sauka. Mai adalci ce. Ba ta taɓa lissafa mutum cikin matattu don kawai ya daina zuwa asibiti ba. Shi ya sa Halimatu ta yi shekara biyu bisa babur tsakanin Rabah da Kagara da Giyawa, tana sallama gida gida don ta ji wa ke raye. Wani da takarda ta ce ya ɓace, a gonar albasa ta same shi yana ban ruwa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Dama tana da nishi, fuuu, fuuu, duk sa'ad da lissafi ya yi nauyi. Ranar an bar ta tana aiki a rumfa, sai Inna Tani, ƙanwar mahaifin malamar, ta taɓa ta ta ji kamar garwashi. Baiwar Allah ta jiƙa buhu sharkaf ta lulluɓe ta, yadda take yi wa randa a bazara. Aka ji ƙit, shi ke nan.

"Ni dai zafi nij ji, awa na mai masassara," in ji Inna, wadda kwana biyu ke nan ba ta ci abin kirki ba. Malamar ta yafe mata duniya da lahira, kuma duk wanda ya sake yi wa tsohuwar gori, da ita zai yi.

Lukman mai gyara ya buɗe cikinta ya girgiza kai, ya ce ko harafi ɗaya ba zai fito ba. Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka mai ɓallen zif, da filashin ajiyar bayanai guda, ɗa marar amfani, wanda rabon da a zuba masa wani abu tun bara.

Halimatu ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Amma masu zuwa da shawarar a haƙura sai baɗi su huta. Kawunta Lauwali ya riga su, ya ce mi za a yi, abin ya zo da ƙarar kwana.

"Kawu, kwamfuta ɗai tam mutu," ta ce da shi. "Tambayag ga tana nan, kuma sai na amsa ta."

Ashe duk takardar asibitin da ta duba da duk ƙofar da ta tsaya, sai da ta fara rubutawa da biro. Littattafai bakwai ne, suna cikin adakar Inna.

Za a kai gawar shagon Lukman ranar Alhamis, ya cire abin da zai amfani wasu. Babu zaman makoki. Za a zauna a rumfar nan bayan sallar Juma'a da kwamfutar aro, mai zuwa ya zo da murya, don karanto kwanaki za a yi ɗaya bayan ɗaya ana shigarwa. Ana roƙon wanda littafi na uku ya faɗo hannunsa ya tsallake lamba ta arba'in da bakwai. Wannan Malam Maccido ne, magani guda ya samu, ya yi wata biyar ya rasu. 'Yarsa za ta shigar da shi da hannunta.