Yadda Za Ka Zaɓa wa 'Yarka Manhajar Ɗaukar Fuskar Waya Ba Tare da Ta Gano Ka Ba

Kai uban da 'yarsa ta daina tambayarsa komai, matso kusa. Wata rana za ta ce maka, kamar yadda Khairiyya tawa ta ce mini: "Baba, wace manhaja ce ke ɗaukar bidiyon abin da ake yi a fuskar waya? Zan koya wa ƙawayena cike fom ɗin jarrabawa." Bi matakan nan, girmanka zai tsira. Tabbas ne, na gwada.

1. Kada ka ce ba ka sani ba

Shekara biyu rabon da ta nemi shawararka. Ka ce ba ka sani ba, sai kuma bayan wasu biyun. Gyara hula, ka ce, "Suna da yawa. Ba ni zuwa Alhamis."

2. Zaɓe ta kamar rago

Duba nauyi. A rago nauyi alheri ne, a manhaja kuwa shi ke durƙusar da waya. Duba shaida: wasu suna buga tambarinsu a gefen bidiyo kamar raƙumin da aka yi wa lalas. Haƙori ne kawai har yau ban gano inda ake dubawa ba.

3. Kada ka sauke ta a kasuwar Maigatari

Layi zai tsallaka Nijar, saƙo ya shigo da Faransanci, ka ruɗe ka danna abin da ba ka sani ba. Yi haƙuri ka dawo Gumel.

4. Gwada a bayan gida

Danna jan ɗigon da ke fara ɗauka. Za ta ƙirga uku, biyu, ɗaya. Kada ka jefar da wayar, ba ta fashewa. Masana sun ce mutum ba ya tsufa da koyo, amma masanan ba su da 'ya mai leƙe ta taga.

5. Nemi masani a ɓoye

Ɗaukar ta ƙi tsayawa? Jefa wayar a aljihu, ka nufi rumfar Ya'u mai gyaran waya, abokin karatunka na firamare.

"Ya'u, rufa mini asiri."

"Injiniya da kansa! Me ka ɓata yau?"

"Bar wasa. Yarinyar nan ta ɗauka na sani. In ta gano, ba za ta sake tambayata ko ƙarfe nawa ba."

Zai yi dariya har ya ƙware, sannan ya danna wani abu da yatsa ɗaya. Kada ka tambaye shi ina bidiyon ya tafi. Ni ban tambaya ba.

6. Miƙa mata da isa

Ce mata, "Ga wadda na zaɓa, akwai gwaji a ciki." Za ta kunna. Fuskar waya baƙa ƙirin, amma ga ƙarar takalminka, ga tarin Ya'u, ga muryarka tana roƙon rufin asiri.

Kada ka gudu. Khairiyya ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye, tana danne dariya. Sannan ta ɗago ta ce, "Sauti ya fita tas, Baba, har daga cikin aljihu. Ita zan sauke." Ta jawo tabarma ta ce in zauna ta gwada darasin a kaina, wai in na gane, kowa ma zai gane.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan muryarsa ta ƙare a zauren dangi na waya, tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar, kada ya nemo ni. Ban san shi ba, kuma ina tsakiyar darasi.